Ranar da Na Ɗinke Manu Cikin Katifa

Duk wanda aka ba shi gwangwanin biskit kyauta, ya dubi murfin tukuna kafin ya kai shi gida, musamman in yana da yaron da ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya. Ni ban duba ba, saura kaɗan abin ya ci mini ƙafafun ɗa.

Sunana Mu'azu, amma a Gusau da Mai Katifa aka fi sanina. A lokacin, wajen 1955, ina da rumfa kusa da tashar jirgin ƙasa, ina ɗinka katifa da matashin kai da audugar rimi, ina sayar wa ma'aikatan reluwe da akawuna. Wani kuku da na yi wa matashi shi ya ba ni gwangwanin, babu komai a ciki, na zuba basilla da zare na ajiye a rumfa.

A jikin murfin akwai hoto. Wani dogon dutse ne fari fat tun daga sama har ƙasa. Ga wani Bature da jar hula, ya ɗaura dogayen katako biyu a ƙafa, ya riƙe sanda a kowane hannu, yana gangarowa a tsaye yana dariya. Farin abin yana tashi a bayansa, wani kuma yana zubowa daga sama har ba a ganin itatuwa sosai. Can gindin dutsen ga wani gidan katako, mutane na zaune a ƙofa da kofuna a hannu suna kallonsa.

Masu zaman rumfata sun yi kwana da kwanaki suna gardama a kan hoton nan. Jatau, dillalin auduga, shi ya raba gardamar.

"Auduga ce," in ji shi. "Ku da kuke ganin abin da ake loda wa jirgi kowace shekara, kun zaci sawa suke yi duka? Su nawa ne a ƙasar tasu? Ragowar suke tarawa su yi dutse da ita, in sun ci sun ƙoshi su hau su yi wasa."

Wani tsohon soja da ya zo karɓar matashi ya ce ba auduga ba ce, ƙanƙara ce, irin wadda take sauka da laushi kamar gari. Aka yi masa dariya. Mun san ƙanƙara, mun ga yadda take fasa ƙwarya ta kashe 'yan tsaki. Wa zai tsaya tana zuba masa a ka yana washe baki? Aka tsaya a kan auduga, ni ma na tsaya, don ni kaina na ga ta yi kama da abin da nake cusa wa katifa.

Ɗana Manu yana gefe yana jin mu. Shekarunsa sun kai sha huɗu. Kafin shi mun binne biyu, bayansa kuma mata Allah ya ba mu, shi ya sa ko tari ya yi sai na tashi zaune. Mutane suna cewa ba ni da alkunya a kan yaron nan, na ji, ban fasa ba. Ban bar shi ya hau keke ba, ban bar shi ya je rafi ba, jaki ma sai ina riƙe da igiya.

Ba a daɗe ba na ga yaro ya rage surutu, ya koma zaman bayan gida yana sassaƙe-sassaƙe. Ashe inda ake ginin wani sito ya je ya samo katako biyu na gangar siminti, masu ɗan lanƙwasa, ya goge su da yashi, ya yanko robar taya ya kafa musu wurin sa ƙafa. Ranar da na gane, ranar ce ya dawo daga tudun titin jirgi da gwiwa a saɓule, yana ɗingishi yana murna.

"Baba, saura kaɗan in tsaya. Tudun ne gajere, kuma tsakuwa ce. Da dutse ne mai sulɓi, aka zuba auduga..."

"Da dutse ne da yanzu muna wajen mai ɗori," na ce. Na ƙwace katakon na cusa su cikin jinkar zaure.

Amma hankalina bai kwanta ba. Na san titin jirgi yana nan, gangar siminti ba ta ƙare ba. Na ce bari in ɗauke shi daga garin sai abin ya fita ransa. Na fara tunanin Bungudu, wajen ƙanwata, sai na tuna akwai gulbi. Na ce a'a. Sai na ce to, wajen mahaifiyata, Inna Kulu, a wani ƙauye bayan Tsafe. Babu jirgi, babu gulbi, babu keke. Na sa shi a mota da kaina, na roƙi direba ya zaunar da shi nesa da ƙofa.

Na samu barci na 'yan kwanaki. Rannan da safe ina zaure na ɗaga kai, na ga jinka ta yi rami inda na cusa katakon. Na sa hannu, babu komai.

"Huseina!" na kira matata. "Ina katakon nan?"

"Wane katako, Malam? Na Manu? Ai ya tafi da su cikin tabarmarsa. Ya ce Inna za ta jera ƙore a kai."

"Kika yarda?"

"To ni na san abin da Inna take jera ƙore a kai?" Ta ci gaba da tankaɗe, sannan ta ce, ba ta ko ɗago ba, "Ni dai na yi mamaki da ka zaɓi can. Ba bayan gidan Inna ne dutsen nan yake ba, wanda yara ke zamiya?"

Wallahi a gindin dutsen nan aka haife ni, amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba. Kuma ga shi lokacin fashewar rimi ne, ƙarshen sanyi, farkon bazara, lokacin da Inna take tara mini audugar da nake aiki da ita shekara guda.

Ban ko karya ba. Na sa hula, na zuba basilla da ƙullin zare da 'yar wuƙa a aljihu don ba na fita ba su, na tafi tasha. Motar da na samu ta gyaɗa ce, a saman buhuna na zauna. Da muka zo daidai Kwatarkwashi na ɗaga kai na dubi tsawon dutsen garin, sai na mai da ido kan buhu har muka wuce. Daga Tsafe na taka da ƙafa.

Tun daga nesa na ga abin da nake tsoro. Dutsen namu bai kai na Kwatarkwashi ba, amma yana da fuska guda mai sulɓi, doguwa, wadda yara ke zama a kan ganye su zame daga ƙasa-ƙasanta. Babu mai farawa daga sama. Rannan fuskar nan ta yi fari daga sama har ƙasa. A gindinta an tara audugar rimi tuli guda, ta fi tsayin mutum. Manyan rimayen da ke kewaye da wurin kuwa sun yi nauyi da 'ya'ya, duk sun tsage baki suna jiran iska.

Na tarar da Inna a tsakar gida a gaban wata babbar tukunya. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana.

"A'a, Mai Katifa ne da rana tsaka? Lahiya? Wa ya mutu?"

Na durƙusa na gaishe ta, na ce babu wanda ya mutu tukuna.

"To madalla. Ka zo a daidai. Yau mijina za shi sauko daga dutse a tsaye, irin na Turawa." Mijin nata shi ne Manu, haka suke wasansu na kaka da jika. "Na ce mishi in bai yi ba in sake shi in auri mai jini a jika."

"Inna, audugata ce fa a kan dutsen can."

"Ba ta zama taka ba sai ta shiga buhu. Yanzu ta rimi ce."

Na leƙa tukunyar. Karkashi ne, ba gishiri ba daddawa, ya yi yauƙi har muciya ba ta rabuwa da shi.

"Wannan fa?"

"Na shafa wa katako ne. Da dutsen ma, inda bai yi sulɓi sosai ba. Jiya mun gwada da kuɓewa, ba ta kai karkashi ba."

"Kun gwada?"

"Da turmi muka gwada, kar ka suma. Turmin ya tsage, amma dama tsoho ne."

Manu ya fito daga ɗaki da katakonsa a kafaɗa, ya gan ni, ya tsaya cak. Ya durƙusa ya gaishe ni yana kallon Inna ta gefen ido. Mata sun fara leƙowa ta kan danga. Na buɗe baki zan ce ban yarda ba, Inna ta riga ni, ta ɗaga murya don na bayan danga su ji.

"Ku gan shi hwa. Wanga tun yana yaro, 'yan uwanshi na zamiya, shi yana gindin dutse yana riƙe musu riguna. Har yau wandonshi bai san dutsen ga ba."

Aka fashe da dariya. Na san in na hana a gidan Inna, a gaban mutanenta, maganata ba za ta wuce ƙofa ba. In na ja shi Gusau da ƙarfi, zai gudo ranar da ba na nan, ya hau ba kowa a kusa. Ina durƙushe ina wannan tunani, sai basilla ta soke ni a cinya ta cikin aljihu. A nan dabara ta zo mini.

"Na yarda," na ce.

Inna ta daina juya tukunya. Manu ya buɗe baki.

"Amma da sharaɗi. Ba zai hau da 'yar taguwa ba. Sai na ɗinka masa rigar kariya, da hannuna. Kuma duk wutar da ke kusa da dutsen nan a kashe ta, har lofen tsofaffi, don audugar rimi ba ta wasa da wuta."

Inna ta dube ni ta daɗe, irin kallon da take yi mini in na ce ban taɓa mata nono a ƙwarya ba. Sannan ta ce, "A kawo mishi buhu."

Aka kawo buhunan gyaɗa, aka kwaso mini auduga daga tulin. Na tsayar da Manu a inuwa na fara aiki. Ban taɓa yin katifa da zuciya ɗaya kamar wannan ba. Na naɗa masa buhu a kowace ƙafa, na cusa auduga, na danna da sanda, na ƙara, na danna, na ɗinke. A gwiwa na fi ba da ƙarfi. Duk mai katifa ya san in ka cusa rimi ya wuce kima ba ya lanƙwasuwa, sai ya zama kamar icce, shi ya sa muke sassauta hannu. Rannan ban sassauta ba. Ƙafafun suka zama kamar turame biyu. Na yi gangar jiki, gaba da baya, na yi hannuwa har suka miƙe gefe suka ƙi sauka. Na ɗinka masa matashi a ka na zagayo da shi ƙarƙashin haɓa. Fuska da tafin hannu da tafin ƙafa kawai na bari.

"Baba, zafi."

"Yi haƙuri, ƙasar Turawa ma haka suke fama."

"Baba, gwiwata ba ta lanƙwasuwa."

"Ba ka ga na jikin gwangwani ba? Ai shi ma a cike yake."

"Shi gwiwarsa a lanƙwashe take."

"Ya daɗe yana yi ne, rigarsa ta saki."

Da na gama, awakin Inna suka dube shi suka bar gidan. Aka raka shi gindin dutse yana tafiya yana jujjuyawa gefe da gefe, yara na binsa da waƙa. Hanyar hawa tana ta gefe, tsakanin duwatsu, sai mutum ya ɗaga ƙafa ya kama da hannu. Manu ya zo matakin farko ya yi ƙoƙarin ɗaga ƙafa, ƙafa ta ƙi. Ya sake, ya karkata, ya tafi a hankali ya kwanta rigingine, hannuwa da ƙafafu a sama. Bai ji ciwo ba ko kaɗan, tashi ne dai ya gagara. Aka ɗaga shi, ya sake gwadawa, ya sake kwanciya.

"To," na ce, ina goge basilla a hannun riga, "ni dai na ba da izini. In ya hau, ya sauko. In bai hau ba, ba laifina."

Inna ta yi murmushi ta koma wajen tukunyarta. Wannan ya kamata ya tsorata ni, amma daɗin dabarata ya rufe mini ido. Aka kira la'asar, na tafi masallaci da zuciya fes. Na yi salla, na daɗe ina addu'a, na tsaya gaisawa da liman, wanda tare muka yi karatun allo. Ya sa aka kawo fura, na sha, har na ba shi labarin yadda na yi maganin yaro ba tare da na ɗaga murya ba. Ya yi dariya, sannan ya saurara ya ce, "Malam Mu'azu, ba ka ji garin ya yi shiru ba?"

Na fito. Ko kaza babu a hanya. Na sa gudu.

Duk ƙauyen yana gindin dutse, an shimfiɗa tabarmi, wata har ta kawo gyaɗa tana sayarwa. Kowa ya ɗaga kai. Can ƙololuwa, ga wani abu kamar rumbu ƙarami a tsaye, hannuwa a miƙe, ga samari a kewaye da shi. Ɗaya yana naɗe doguwar igiya a kafaɗa.

"Ya aka yi ya hau?" na tambayi Inna.

"Ɗanlami mai haƙar rijiya ne da igiyarshi," in ji Inna, tana zaune a kujerarta ta tsugunno tana ɓare gyaɗa. "Suka ɗaura mishi a ƙugu suka ja shi kamar guga. Allah shi yi maka albarka, Mai Katifa. Da ba ka ɗinke shi ba, da dutse ya saɓule mishi baya. Ko uhum bai ce ba."

Na haɗa hannu a baki na yi kira. "Manu! Kada ka motsa! Ɗanlami, ka ji tsoron Allah, ka mai da igiyar nan!"

Ɗanlami ya ɗaga mini hannu yana gaisuwa. Na ga wani ya durƙusa yana sa wa Manu katako a ƙafa, wani yana tsiyaya karkashi daga ƙwarya, wani ya danƙa masa gora a kowane hannu. In na bi hanyar gefe, kafin in kai rabi an gama. Sai na ga babu abin da ya rage mini sai in tsaya a inda zai faɗo. Na tattare riga na zagaya tulin auduga, na fara hawa fuskar dutsen da rarrafe.

A nan iska ta taso. Da farko 'yar kaɗan ce, ta kaɗa gefen tabarmi. Sai guguwa ta biyo ta, irin ta bazara mai zuwa ba sallama, ta shigo ta tsakanin rimayen nan ta girgiza su gaba ɗaya. Duk 'ya'yan da suka tsage suka saki abin da ke cikinsu. Ta zo ta ɗebi tulin da ke ƙasa, ta share wadda aka shimfiɗa a dutse, ta haɗa ta yi sama da su. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Rana ta ɓace, dutse ya ɓace, hannuna da ke gabana ban gan shi ba. Fari ta sama, fari ta ƙasa, yana shiga hanci yana shiga baki. Ba ka jin komai sai atishawa da salati, da muryar wata mata tana neman ɗanta, da mai gyaɗa tana cewa a bar mata faranti.

Daga sama na ji Manu ya ƙwala ihu. Ban san ko na murna ba ne ko na tsoro. Sai wata ƙara, shuuu, tana matsowa.

Na miƙe na buɗe hannuwa ina kiran sunansa. Ƙafata ta taka karkashi. Kafin in kai ƙasa wani abu babba mai laushi ya same ni a ƙirji, na rungume shi, muka tafi tare. Ko mun daɗe muna tafiya ko ba mu daɗe ba, ban sani ba. Na dai san mun tsaya a cikin ragowar tulin, ni a ƙasa, shi a sama, bakina cike da auduga.

"Manu? Manu! Yi magana!"

Ya yi atishawa a fuskata. "Baba, ka gan ni? Ka gan ni?"

Na ture shi gefe na zaro wuƙar yanke zare, na fara farke ɗinkin tun daga ƙafa. Na taɓa idon sawu, na taɓa ƙwauri, na lanƙwasa gwiwa, na matsa haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya ina kallon fuskarsa. Na sa ya ɗaga hannu, na sa ya juya wuya. Babu karaya, babu targaɗe, ko ƙwarzane babu, sai zufa kamar an tsamo shi a rijiya. Na zauna a ƙasa. Rigata ta baya duk yauƙi, auduga ta manne a kai, an ce na yi kama da tsohuwar tunkiya.

Iska ta lafa, auduga tana saukowa a hankali a kan kowa. Mutane suka taru, kowa da farin gemu, har mata. Sai gardama ta tashi.

"A tsaye na sauko!" in ji Manu. "Tun daga sama har inda Baba ya tare ni. Da bai tare ni ba da na kai ƙasa!"

"Ni dai ban gani ba," in ji Inna, tana cire auduga daga kunne. "Wa ya gani?"

Babu wanda ya gani. Ɗanlami da ya sauko ya ce shi da iska ta taso ya kwanta rub da ciki ya rufe ido, bai ma san lokacin da yaron ya bar wurin ba. Wani saurayi ya ce ya ji ƙarar katako a kan dutse, wani ya ce shi ƙarar buhu ya ji. Katako ɗaya yana ƙafar Manu. Ɗayan kuwa sai can aka tsinto shi cikin gonar rogo.

"To abin da ba a gani ba, ba a yi ba," in ji Inna. "Mijina, gobe sai a sake. Akwai sauran karkashi."

Manu ya miƙe. "A sake! Yanzu ma in an tara audugar."

Na dubi yaron, na ga da gaske yake. In ba a ba shi wannan saukowar ba, zai nemi wata, kuma ba kullum zan kasance a gindin dutse da basilla ba.

"Ku dakata," na ce. "Ba sai an sake ba. Ni na ɗinka rigar nan. Buhu ba ya ɓoye inda ya gogu. Ku ba ni in duba."

Aka shimfiɗa farkakkun buhunan a ƙasa, na tsuguna. Na ɗaga na baya na kai shi saitin rana. Na shinshina na gwiwa. Na auna wani wuri da yatsa, na girgiza kai, na koma na sake aunawa. Na ɗauki lokaci, don mai duba da sauri ba a yarda da shi. Manu yana tsaye a kaina ko numfashi ba ya yi.

"Wannan gogewar ta baya," na ce, "ta jan igiya ce, daga ƙasa ta yi sama. Wannan ta ƙirji, inda ya ci karo da ni ne. Da mirginowa ya yi, da karkashi ya zagaye rigar." Na miƙe na kaɗe hannu. "A tsaye ya sauko."

Samari suka yi ihu suka ɗaga Manu sama. Mata suka rangaɗa guɗa. Inna ta matso kusa da ni, ta dubi buhunan, ta sa ƙafa ta juya ɗaya, wanda gefensa ya jiƙe sharkaf da yauƙi. Ta dube ni. Na dubi rimi.

"Mai Katifa," ta ce a hankali, "ashe ka yi wayo da girma."

"Inna, a bar shi haka, don Allah."

Ta mai da buhun yadda yake, jiƙaƙƙen gefen a ƙasa. Sannan ta ɗaga murya. "To, na fasa sakin. Amma miji ɗaya, saukowa ɗaya. Wanda ya riga ya yi a tsaye ba ya sakewa, sai ragwaye masu neman gyara."

Manu ya ce ai shi ma abin da ya gani ke nan. Ya ba Ɗanlami katakon da ya rage ya ce ya rufe bakin rijiya da shi. Washegari muka hau mota tare, ya ba duk wanda ke ciki labari tun daga Tsafe har Gusau, yana cewa a tambayi babansa, shi ne shaida. Audugar shekarar kuwa, mun yi ta tsintarta a kan ƙaya da danga, abin da aka samu bai fi na matashi kaɗan ba, sai daga Bungudu na sayo wadda na yi aiki da ita.

Buhunan nan jan igiya ya riga ya goge su ta ko'ina, karkashin kuma zai yiwu daga rigata ya shafe su lokacin da muka rungumi juna. Manu ya rantse a tsaye yake, amma ya ce idonsa a rufe yake saboda auduga. Ko a tsaye ya sauko, ko mirginowa ya yi, har yau babu wanda ya sani.